An Kashe Jijiyar Haƙori Amma Ciwon Bai Tafi Ba: Abin Da Za Ka Yi, Mataki-Mataki

Kwana 18 bayan an gama mini aikin kashe jijiyar turmina na sama ta ɓangaren hagu, ina cin tuwon dare na tauna ɗan guntun nama a kansa, sai na ji kamar an caka mini allura tun daga saiwa har kusa da ido. Na ajiye lomar. Maiɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, ba ka ce an kashe jijiyar ba? To me kuma yake ciwo?" Wannan tambayar ce ke bakin duk wanda abin ya sama, kuma amsarta ce za ta nuna maka lokacin haƙuri da lokacin tashi zuwa asibiti.

A cikin kowane haƙori akwai ɗan nama mai laushi kamar ɓargo, ɗauke da jijiyoyin ji da na jini, yana bin wasu siraran hanyoyi har ƙarshen saiwa. Shi likita ke cirewa a aikin da ake kira rut kanal. Sai ya kankare hanyoyin da 'yan siraran ƙarafa, ya wanke su da magani, ya toshe su da wata irin roba, sannan ya yi ciko a sama. Cikin haƙorin ne kawai ya daina ji. Wajen saiwar kuwa, akwai wata siririyar tantani da ke ɗaure ta da ƙashi, ita kuma cike take da jijiyoyi masu rai. Duk wani kumburi a ƙarshen saiwa ita ce ke jin sa, shi ya sa ciwon bayan aiki ya fi fitowa a wajen tauna ko in an danna.

Mataki na 1: Ka fara tabbatar da cewa ba na gaggawa ba ne

Kafin ka karanta sauran, ka tsaya gaban madubi. Idan kumburin ya sauko ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ka ji ƙasan harshenka ya tasa har harshen na ɗagowa, ko haɗiyar yawu na yi maka wuya, ko muryarka ta shaƙe, ko numfashi na yi maka nauyi, to ka tafi sashen gaggawa na babban asibiti a daren nan, kada ka jira gari ya waye. Haka in kumburin ya haura har fatar ido ta fara rufewa, ko muƙamuƙi ya ɗaure ba ka iya shigar da yatsu biyu tsakanin haƙoranka, ko zazzaɓi ya zo da rawar sanyi da kasala. Mugunyar da ta taso daga turamen ƙasa na iya bazuwa ƙarƙashin harshe ta toshe hanyar numfashi cikin sa'o'i, kuma tana kisa. Maganinta allura ta jijiya ne da fitar da mugunyar, wani lokaci a ɗakin tiyata. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri suna da likitocin tiyatar baki da fuska da wannan ne aikinsu.

Mai ciwon suga, da mai sikila, da mai juna biyu, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, su kam kada su jira alamun su kai haka. Ƙaramin kumburi ma ya isa dalilin zuwa a ranar. Akwai kuma abubuwa biyu da ba sa jira ko da babu kumburi: leɓen ƙasa ko haɓa su ci gaba da mutuwa har washegari bayan allurar kashe zafi ta sake, da ciwon muƙamuƙin ƙasa da ke tasowa in ka yi tafiya ko ka hau bene, tare da nauyin ƙirji da gumi. Na biyun yana iya zama daga zuciya ne.

Mataki na 2: Ka ƙirga kwanaki, ka lura da inda ciwon ya dosa

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗancan, ka kwantar da hankalinka ka yi lissafi. Kwana biyu zuwa uku na farko su ne mafi tsanani: haƙorin na tsami, yana jin kamar ya fi 'yan uwansa tsawo, muƙamuƙi ya gaji saboda daɗewar da baki ya yi a buɗe, wurin allura kuma na ɗan zafi. Zuwa mako guda yawancin mutane sun samu sauƙi sosai. Wanda ya zo da ƙurji tun kafin aiki yana iya jin ɗan tsami wajen tauna har mako biyu ko fiye.

Ƙarfin ciwon a rana ɗaya ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne, yau ya fi jiya sauƙi ko kuwa? Ka riƙa ba ciwon maki daga 0 zuwa 10 safe da dare, ka rubuta a wayarka tare da yawan ƙwayoyin da ka sha. Mai ciwo ba ya riƙe lissafi a ka, kowace rana gani yake ita ta fi muni. Ciwon da ya sauko daga 7 zuwa 5 zuwa 3 warkewa yake yi ko da a hankali ne. Wanda ya tsaya wuri ɗaya bayan mako guda, ko yake hauhawa bayan kwana na uku, ko ya tafi gaba ɗaya sannan ya dawo bayan makonni ko watanni kamar nawa, wannan sai likita ya gani.

Mataki na 3: Abin da za ka yi a gida kafin ka samu ganin likita

Ga baligi mai lafiya, haɗa paracetamol da ibuprofen ya fi shan ɗaya shi kaɗai aiki a ciwon haƙori. Paracetamol mai 500 guda biyu duk bayan awa 6, kada ya wuce guda 8 a cikin awa 24, kuma ka sani magungunan mura da yawa na ɗauke da shi, don haka su ma suna cikin lissafi. Ibuprofen mai 400 guda ɗaya duk bayan awa 8, bayan cin abinci, kada ya wuce sau uku a rana sai da izinin likita. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, da mai shan maganin tsinka jini, da mai asma da irin wannan magani ke tayar masa, su bar ibuprofen su tsaya a kan paracetamol. Kada ka haɗa ibuprofen da diclofenac, dangi ɗaya ne, haɗa su na yi wa ciki da ƙoda illa. Tramadol kuma ka bar shi inda yake, mun ga abin da ya yi wa matasanmu.

Ka kurkure baki da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na gishiri, sau uku ko huɗu a rana. In kunci ya ɗan tasa, ka naɗe ƙanƙara ko ledar ruwa mai sanyi a tsumma ka ɗora daga waje na minti 10 zuwa 15. Kada ka gasa wurin da ruwan zafi. Da dare ka ƙara matashi, domin zogin na ƙaruwa in kai ya yi ƙasa. Ka koma tauna ta ɗaya ɓangaren, ka riƙe kunu, da fate, da tuwo mai laushi. Goro, da rake, da aya, da kilishi, da tauna ƙashi ko guringuntsi duk a jingine su har a sa wa haƙorin hula, wato murfi mai ƙarfi da likita ke rufe shi da shi. Haƙorin da aka huda aka rarake cikinsa ya rasa ƙarfi, goro ɗaya ya isa ya tsaga shi biyu. Buroshi da asuwaki kuwa kada ka daina, sai dai a hankali a gefen.

Akwai abin da nake roƙon kowa ya bari: cusa asfirin, ko kanwa, ko garin taba, ko man kanumfari, balle ruwan batir ko fetur, a jikin haƙori. Jijiyar da ake son a kashe da su an riga an cire ta, ciwon kuma yana can ƙarshen saiwa cikin ƙashi inda ba za su kai ba. Abin da kawai za su yi shi ne su ƙone dasashi, ka je wa likita da ciwo biyu.

Mataki na 4: Kada ka tsaya a kemis

Nan ne na yi kuskure, kuma nan ne mafi yawanmu ke yi. Da ciwona ya dawo, na je kemis ɗin unguwa aka haɗa mini amoxicillin da Flagyl na kwana biyar. A rana ta uku ciwon ya lafa, na ce alhamdulillahi. Bayan wata guda da 'yan kwanaki sai na ji wani ɗan abu da harshena a dasashin sama, can wajen kunci. Na ɗaga leɓe a madubi, na ga ɗan ƙurji kamar ƙwayar gero. Na danna, ruwa mai ɗan gishiri-gishiri da wari ya fito. Ba ya ciwo ko kaɗan. Kwana biyu ya ɓace, bayan mako ya dawo.

Dalilin a fili yake in an fahimce shi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta jini ne ke kai shi inda ake buƙata. Haƙorin da aka cire wa jijiya kuwa jini ba ya shiga cikinsa. Ƙwayoyin cutar da suka maƙale a hanyoyin saiwa suna zaune a wurin da magani ba ya kai wa, garkuwar jiki ma ba ta kai wa. Abin da kafso ke yi shi ne ya kashe waɗanda suka fito waje cikin ƙashi da nama, kumburi ya sauka, tushen kuma yana nan. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Kana ta maimaita shan magani, ƙashin da ke kewaye da saiwa na ta zaizayewa a ɓoye, ƙwayoyin cutar kuma na ƙara koyon jure maganin.

Shi wannan ɗan ƙurjin da ba ya ciwo magudana ce da jiki ya huda wa mugunya. Rashin ciwonsa ne ke yaudarar mutane, alhali shi ne shaida mafi ƙarfi cewa cuta na nan a ƙarshen saiwa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na da wurinsa: in kumburi na bazuwa, ko akwai zazzaɓi, ko kaluluwa ta fito, likita zai rubuta shi tare da aikin hannu. In ya rubuta, ka gaya masa idan fenisilin ya taɓa fitar maka da ƙuraje ko kumburi, ka kuma sha yadda ya ce.

Mataki na 5: Ka san irin ciwonka kafin ka shiga wurin likita

Likita na ganin haƙori, amma kai kake jin ciwon, kuma yadda ka siffanta shi rabin bincike ne.

Idan da zarar ka rufe baki wannan haƙorin ne ke fara haɗuwa da na ƙasa ko na sama kafin sauran, to mai yiwuwa ciko ne ya yi tudu. Wannan shi ne mafi sauƙi a cikinsu: likita zai sa ka ciji wata 'yar takarda mai launi, ya ga inda ya taɓa, ya goge tudun cikin mintuna, ciwon ya tafi cikin kwanaki. Idan zogi ne mai bugawa kamar bugun zuciya, da tsami in an danna dasashi, da ɗanɗano marar daɗi a baki, hankali ya fi karkata ga mugunya. Idan kuma zafi ne mai kaifi da ke zuwa a daidai lokacin da ka ciji abu ko ka sake shi, a duba tsaga.

Ciwo da ruwan sanyi yana da nasa labarin. Haƙorin da aka cire wa jijiya gaba ɗaya ba ya jin sanyi. In yana ji, to ko dai maƙwabcinsa ne ke da matsala, ko akwai hanyar da ba a gano ba mai sauran jijiya a ciki. Turamen sama kuma saiwoyinsu na daf da kogon da ke cikin ƙashin kunci, wanda ke haɗe da hanci. Shi ya sa in mura ta toshe hanci, musamman lokacin hunturu, sai haƙora biyu ko uku na sama su yi tsami tare, nauyin ya ƙaru a ruku'u da sujada. Mai cizon haƙora cikin barci shi kuma da safe yake tashi da gajiyar muƙamuƙi da ciwon gefen kai.

Mataki na 6: Komawa wurin likita

Ka fara da wanda ya yi aikin, domin shi ya san abin da ya gani a ciki kuma shi ke da hotunan farko. Kada kunya ta hana ka, komawa ba tuhuma ba ce. Ka tafi da rubutun makinka da kwalayen duk maganin da ka sha, har da na kemis. Ka tambaye shi kai tsaye: "Likita, hanyoyi nawa aka samu a haƙorin? An gama aikin ne ko da saura? Cikon nan na wucin gadi ne ko na dindindin? Akwai wani abu da ya faru lokacin aiki?" Tambaya ta ƙarshe na da muhimmanci, domin wani lokaci ɗan ƙarfen kankara na karyewa a cikin lanƙwasasshiyar saiwa, ko robar toshiya ta zarce ƙarshen saiwa. Ba kullum ne waɗannan ke ɓata aiki ba, amma haƙƙinka ne ka sani.

Zai ƙwanƙwasa haƙorin da maƙwabtansa, ya danna dasashi, ya auna zurfinsa a kewayen haƙorin, ya gwada sanyi a na kusa, ya ɗauki hoto, wani lokaci daga kusurwa biyu saboda saiwa na ɓoye saiwa. In akwai ɗan ƙurjin nan, yana iya zura siririyar roba a cikinsa ya ɗauki hoto, robar ta nuna ainihin saiwar da mugunya ke fitowa. Baƙin tabo a ƙarshen saiwa shi kaɗai ba ya nufin aiki ya lalace, domin ƙashi na ɗaukar wata 6 zuwa shekara kafin ya cike, babban rami ma har shekara 4. Abin da ake dubawa shi ne ko tabon na raguwa ko girma yake in an gwada da tsohon hoto. Don haka duk hoton da aka yi maka ka ɗauke shi a waya tare da kwanan wata.

In an duba ba a ga komai ba kuma ciwon na nan, ka nemi a tura ka wurin ƙwararre a aikin saiwa, a sashen haƙori na asibitin koyarwa ko wani babban asibiti. Akwai na'urar hoto mai nuna haƙori ta kowane gefe, tana fito da abin da hoton yau da kullum ke ɓoyewa, sai dai ba ko'ina ake samunta ba. A nawa haƙorin hakan aka gano matsalar. Turmin farko na sama saiwa uku gare shi, amma saiwar gaba ta wajen kunci, a fiye da rabin mutane, hanya biyu ce a cikinta. Ta biyun siririya ce kamar gashi, bakinta a ɓoye. An wanke uku an toshe, ta huɗun na nan da ruɓaɓɓen nama. Ban ga laifin wanda ya yi aikin farko ba, ganinta na buƙatar gilashin ƙara girma da haske mai kyau, kuma ko a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki tana daga cikin manyan dalilan maimaita aiki a wannan haƙorin.

Mataki na 7: Zaɓin da ke gabanka

In mugunya ta taru ta kumbura, za a fara fitar da ita, ta cikin haƙorin ko ta ɗan tsaga dasashi, kuma sauƙin da ake samu nan take ne. Daga nan hanya uku ce.

Ta farko a sake aikin: a cire tsohuwar toshiya, a nemo hanyar da aka rasa, a sake wankewa, sau da yawa a zuba wani farin magani a ciki a rufe na mako ɗaya ko biyu kafin a toshe. Ita ake fara gwadawa in haƙorin na da sauran jiki. Ni ita aka yi mini, zuwa biyu, ƙurjin ya bushe tun kafin zuwa na biyu. Ta biyu ƙaramar tiyata ce ta dasashi, a yanke kusan milimita 3 na ƙarshen saiwa a toshe daga can. Ana yin ta in ba za a iya bi ta sama ba, ko an sake aikin bai yi ba. Ta uku cirewa.

Mai fama da ciwo cirewa yake so, a rabu da abin kowa ya huta. Na fahimci wannan, na kuma san kuɗin sake aiki ba kaɗan ba ne. Amma ka yi lissafin gaba: giɓin turmi ba ya zama haka nan, na kusa na karkatowa cikinsa, wanda ke haɗuwa da shi a wajen tauna na zarowa, kuma cike giɓin da haƙorin roba ko dashe shi ma kuɗi ne, dashen ma ya fi tsada nesa. Sai dai in saiwar ta tsage a tsaye, babu abin da ke ɗinke ta. In likita ya tabbatar da haka ka yarda a cire, domin jinkiri ƙashin da za ka buƙata nan gaba yake cinyewa.

Akwai kuma 'yan kaɗan da ciwonsu ke zarce wata uku zuwa shida, mai raɗaɗi ko ƙuna da ba ya yankewa, hoto kuma tas, babu kumburi babu ƙurji. Wannan na iya zama daga jijiyar fuska kanta. Cire haƙori ba ya maganinsa, akwai waɗanda aka cire musu biyu ko uku ciwon na nan. Magungunansa daban ne, likitan jijiyoyi ko ƙwararren likitan baki ke rubuta su. Kada ka yarda a cire haƙori sai an nuna maka dalili a jikinsa.

Mataki na 8: Ka ƙarasa aikin

Cikon wucin gadi na makonni ne. Mutane da yawa da zarar ciwo ya tafi ba sa komawa, wasu don kuɗi, wasu don mantuwa. Cikon na zaizayewa, yawu ya shiga da ƙwayoyin cutarsa, aikin da aka yi da kyau ya lalace daga sama. In ya fita ko ya fashe, ka koma cikin kwana ɗaya ko biyu. Ka tambayi jimillar kuɗin tun farko, har da na ciko na dindindin da na hula, don ka shirya musu tare. Turmi kam yana buƙatar hula, shi ke ɗaukar nauyin tauna.

Bayan an sa hular, ka sa ranar komawa hoto a wayarka, wata 6 ko shekara guda, ko da ba ka jin komai. Da na koma nawa, likitan ya jera hotuna biyu a gaban haske, tsohon da sabon. Baƙin tabon da ya kai girman ƙwayar wake a ƙarshen saiwar ya ragu zuwa ɗan siririn layi. Ya ce, "Malam, ƙashin na cikewa. Ka dawo baɗi mu sake dubawa."